Agogona Yana Nuna Bugun Zuciya 178 Alhali Sassarfa Nake Yi: Shin Akwai Matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 38, ina zaune a Kano. Bayan likita ya shawarce ni da in rage ƙiba, na fara fita gudu bayan sallar Asuba, na kuma sayi agogon motsa jiki mai auna bugun zuciya da nisan tafiya. Abin da ke damuna shi ne, ko sassarfa nake yi a hankali, wani lokaci agogon yakan nuna 175 ko 178, ya yi ja yana cewa na shiga mataki na biyar, wato matakin bugun zuciya mafi tsanani, alhali ni ban ji wata wahala ta a-zo-a-gani ba. Sannan tun da aka shiga zafi nakan gaji da wuri a kan hanyar da na saba bi. Shin agogon ne ke kuskure, ko zuciyata ce ke da matsala? Kuma yaya ya kamata in riƙa amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Bisa ga yadda ka bayyana, na fi kyautata zaton cewa lambar nan ta 178 ba bugun zuciyarka ba ne, amma ba na so ka tsaya a kan zatona, domin akwai hanyar da za ka tabbatar da kanka gobe da safe ba tare da ka kashe ko kwabo ba.

Idan ka juya bayan agogon za ka ga ƙananan fitilu masu koren haske suna walƙiya. Hasken yana ratsa fatarka, jini yana shanye wani kaso daga cikinsa, ragowar kuma yana dawowa wurin wata 'yar na'ura mai gane haske. Duk lokacin da zuciya ta harba jini, ƙananan jijiyoyin tsintsiyar hannu sukan ɗan cika, sai hasken da ke dawowa ya ragu, daga nan kuma ya ƙaru, kuma wannan hawa da sauka shi agogon ke ƙirgawa. Idan kana zaune ko kana barci wannan dabara tana aiki sosai. Da zarar ka fara gudu kuwa, hannunka na lilo, ƙafarka na dukan ƙasa, agogon na motsi a kan fata, sai aikinsa ya zama irin na mai ƙoƙarin jin sallama a gidan da ake luguden daka. Yawancin masu sassarfa suna yin taku tsakanin 150 zuwa 180 a minti guda, wato adadin da ya yi kusa da na bugun zuciyar mai gudu, don haka agogon yakan ruɗe ya kama ƙirga takunka yana zaton zuciya ce. Wannan kuskure sananne ne, kuma yana faruwa har da agogo masu tsada, ko da yake ya fi yawa a waɗanda ke kwance-kwance a hannu.

Ga yadda za ka gane shi. Buɗe manhajar agogon a wayarka ka duba zanen gudun da ka yi, ka kwatanta layin bugun zuciya da layin yawan taku. Bugun zuciya na gaskiya yana hawa ne sannu a hankali cikin mintunan farko, ya ƙaru idan ka hau tudu, ya sauka kaɗan-kaɗan idan ka sassauta. Idan ka ga layin ya yi tsalle daga 140 zuwa 175 cikin daƙiƙu kaɗan, ya kuma miƙe a daidai inda layin taku yake, to takunka aka ƙirga. Sannan gobe, da zarar agogon ya nuna wannan lamba, ka tsaya nan take, ka ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a kan jijiyar tsintsiyar hannu ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Kada ka yi jinkiri, domin bugun yakan fara sauka da zarar an tsaya. Idan ka ƙirga 35, wato 140 ke nan, agogon kuma yana cewa 178, ka samu amsarka.

Gyaran yana da sauƙi. Ka matsar da agogon sama da ƙashin tsintsiyar hannu da kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, inda akwai tsoka, ka ɗaure shi da ɗan ƙarfi yadda ba zai zame ba idan ka girgiza hannu, amma ba har ya shaƙe jini ba. Ka riƙa goge bayansa, saboda busasshen gumi da ƙura da man shafawa suna dushe hasken. A lokacin hunturu jijiyoyin fata sukan tsuke saboda sanyin asuba, jinin da ke isa hannu ya ragu, shi ya sa awon mintunan farko yakan fi lalacewa. Ka fara da tafiya mai sauri ta minti biyar zuwa goma kafin ka shiga gudu. Akwai kuma batun launin fata, wanda ya shafe mu kai tsaye: sinadarin da ke sa fata duhu yana shanye koren haske, don haka saƙon da ke komawa wurin na'urar yakan yi rauni, kuma wannan ƙarin dalili ne na kula da yadda aka ɗaura agogon. Idan kuwa irin agogon nan ne marar suna da ake sayarwa da arha a kasuwar waya, ka cire shi ka ɗora a kan matashi ko teburi ka danna awo. Wanda ya ba ka bugun zuciyar teburi, kada ka gina komai a kan lambobinsa.

Wanda yake son awo na haƙiƙa sai ya nemi maɗaurin ƙirji. Shi ba ya amfani da haske, yana ɗaukar siginar lantarkin da zuciya ke fitarwa ne kamar yadda na'urar ECG ke yi a asibiti, ya aika wa agogo ko waya ta Bluetooth. Kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fitar da irinsa marar waya tun 1982, kuma har yau da maɗaurin ƙirji ake gwada ingancin agogon hannu. A jiƙa inda yake taɓa fata da ruwa kafin a ɗaura, musamman da hunturu, domin busasshiyar fata da rigar leda kan sa ya yi ta ba da lambobin banza har sai gumi ya fito.

To a ɗauka awon daidai ne, sai mu zo kan jan launin da mataki na biyar. Agogon bai san zuciyarka ba. Abin da ya sani shi ne shekarun da ka shigar masa, kuma da yawa daga cikin agogon suna amfani da tsohon lissafin nan na cire shekaru daga 220, wanda ya ba ka 182 a matsayin ƙololuwar bugunka, sannan su raba shi matakai biyar, na biyar ya fara daga kashi 90 cikin ɗari, wato wajen 164. Akwai wani lissafin da Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, wanda ake ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208, kuma a shekarunka shi ma 181 zai ba ka. Dukkansu matsakaici ne na jama'a da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne mutum mai cikakkiyar lafiya ya haura ko ya gaza wannan adadi da bugu goma ko fiye. Ƙololuwar bugu aba ce ta halitta da shekaru, ba ta nuna ƙarfin mutum ko rauninsa, kuma atisaye ba ya ɗaga ta. Ba na ba sabon mai gudu da ke fama da ƙiba shawarar ya je ya ƙure kansa don gano tasa. Wannan gwaji ne da ya dace a yi bayan watanni ana atisaye, ko a gaban likita.

Lambar da na fi so ka ba muhimmanci ita ce bugun zuciyarka na hutu, wanda agogon ke aunawa da kyau tun da jiki ba ya motsi. Ka kwana da shi, ko ka duba da zarar ka farka kafin ka tashi alwala, ka yi haka kwana bakwai ka ɗauki matsakaici. Ga baligi, tsakanin 60 zuwa 100 shi ne abin da aka saba gani, waɗanda suka daɗe suna gudu kuma sukan sauka ƙasa da 60. Da wannan lamba za ka iya amfani da lissafin Martti Karvonen, likitan nan ɗan Finland, wanda agogo da yawa ke da shi a cikin saitinsu. A ce naka na hutu 70 ne: ka cire shi daga 182, saura 112. Kashi 60 cikin ɗari na 112 shi ne 67, kashi 70 kuma 78, sai ka mayar da 70 ɗin nan a kan kowanne, ka samu 137 zuwa 148. A cikin wannan tazara ya kamata yawancin gudunka ya kasance a yanzu.

Na san za ka ga kamar wannan gudun ya yi sanyi da yawa, har ma a makonnin farko zai tilasta maka haɗa sassarfa da tafiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke watsar da shawarar. Amma binciken da Stephen Seiler ya yi a Norway kan manyan 'yan tseren dogon zango ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a sauƙaƙe suke yin sa, ragowar ne kawai mai tsanani. Gudu mai sauƙi shi ke ƙara yawan ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, ya ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa a bugu guda, ya kuma bai wa gwiwa da agara lokacin sabawa da nauyi, abin da mai ƙiba ya fi kowa buƙata. Ma'aunin da ba ya buƙatar caji shi ne magana: idan za ka iya gaisawa da abokin gudunka, ka tambaye shi iyali cikin cikakkiyar jimla ba tare da haki ya katse ka ba, kana inda ya dace. Idan agogo ya ce kana mataki na biyar kai kuma kana hira, agogon ne ya kauce, domin wanda yake can da gaske da ƙyar yake iya furta kalma biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma fita huɗu ta minti arba'in ta riga ta kai ka ciki. Ci gaba kuma ka neme shi bayan mako shida zuwa takwas, lokacin da za ka ga hanyar da ka saba bi tana ƙarewa da wuri a kan bugun zuciya iri ɗaya, na hutu kuma ya ɗan sauka.

Gajiyar da kake ji tun shigowar zafi gaskiya ce, kuma a nan agogon zai yi maka amfani sosai. A bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, ko asubar ma ba ta yin sanyi sosai. Jiki yakan karkatar da jini mai yawa zuwa fata don ya fitar da zafi, gumi kuma yana rage ruwan da ke cikin jini, sai zuciya ta ƙara sauri don ta biya buƙatar tsoka da ta fata a lokaci guda. Shi ya sa gudun da ka saba yi a kan 140 da hunturu zai iya kai ka 150 ko fiye da bazara, kuma yana ci gaba da hawa bayan rabin sa'a ko da ba ka ƙara sauri ba. A irin waɗannan ranaku ka bi bugun zuciya, ka manta da saurin da ka saba. Jiki yakan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da zafi. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ya kamata ka mayar, ba kitse ba ne. Da azumi kuwa, ka mayar da gudun bayan buɗa-baki da sa'a biyu ko bayan sallar asham.

Akwai wasu abubuwan da ke taɓa lambar. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari suna iya ɗaga ta, haka ma rashin barci da ƙarancin jini. Idan ka farka ka ga bugunka na hutu ya haura abin da ka saba da bakwai zuwa goma, kwana biyu a jere, ka huta, domin sau da yawa alama ce ta gajiya ko zazzaɓin da ke tafe, kuma ba a gudu da zazzaɓi a jiki. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol da propranolol, suna danne bugun zuciya, don haka mai shan su ba zai yi amfani da lissafin da na kawo ba sai likitansa ya tsara masa nasa.

Game da nisa da sauri, ka tsaya a fili har agogon ya kama GPS kafin ka danna farawa, kuma ka dogara da matsakaicin saurin kowace kilomita maimakon lambar da ke canzawa kowace daƙiƙa, wadda dogayen gine-gine da bishiyoyi ke rikitawa.

Saura yiwuwar da ba zan so ka yi wasa da ita ba. Idan ka ƙirga da yatsunka ka tarar lallai zuciyar tana bugun 175 ko fiye alhali a hankali kake tafiya, ko ta tashi farat ɗaya tana fat-fat ta ƙi sauka bayan ka tsaya na mintuna, ko bugun ba ya tafiya a jere, to ka dakatar da gudu ka ga likita a yi maka ECG. Haka kuma idan ka ji ciwo ko nauyi a ƙirji wanda ke miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko duhun gani, ko hakin da ya wuce aikin da kake yi, ko ka suma, wannan na gaggawa ne ko me agogon ya nuna. Tun da ka ambaci ƙiba, yana da kyau a duba hawan jini da sukari kafin ka ƙara tsananin atisaye, balle idan a danginku akwai wanda ciwon zuciya ya kama da ƙuruciya. Idan za ka je asibitin ka tafi da wayarka, ka nuna wa likitan zanen ranakun da abin ya faru, tare da abin da ka ƙirga da hannu da kuma yadda ka ji a jikinka a lokacin.