Domar da ta ƙi haɗuwa da babban rufi

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena mai tambayar doma, wato tagar nan da ke leƙowa daga jikin gangaren rufi da ɗan nata rufin, na ga hoton da ka turo, na kuma ji kana cewa wai Revit ɗinka, manhajar zanen gini, ta lalace, rufin tagar ya ƙi haɗuwa da babban rufi, ko ka goge ta ka sake sakawa. Kar ka goge komai. Lafiyarta ƙalau wallahi. Abin da ka ce ta yi ne ba ya yiwuwa, ko kafinta ka ba katako da ƙusa ba zai fitar maka da shi ba.

Duba lambobin da ke jikin hoton naka mana. Faɗin gidan mita 8, gangaren rufin digiri 30. Rabin faɗin mita 4 kenan, ka ninka da 0.577, wato hawan da rufin digiri 30 yake yi a kowace mita ɗaya, to doron rufin zai tashi mita 2.31 daga kan bango. Iyakarsa kenan, ba ƙari. Kai kuma ka ja domar ciki da mita 1, a daidai wurin rufin ya riga ya hau santimita 58. Ka ɗora mata bango mita ɗaya da rabi don taga ta samu wuri, mun kai 2.08. Faɗinta mita 2 ne, nata rufin ma digiri 30, ƙarin wani 58 ɗin. Nawa ya kama? 2.66. Doron domarka ya fi doron gidan tsawo da santimita 35! To ina kake so ya je ya tokara? In manhajar ta miƙa shi baya, ta saman gidan zai wuce, babu fuskar rufin da zai tarar. Shi ya sa take ta jefo maka saƙon kuskure kana dannawa kana rufewa.

Gyaran ba wuya. Ko ka ɗaga gangaren babban rufin ya kai digiri 40, doron ya koma mita 3.36, domar ta tsaya a 2.92, ka ga ta shige ƙarƙashinsa har da rara. In mai gida ba ya son rufi mai tsini haka, to ka rage tsawon bangon domar, ko ka matso da ita gaba kusa da bakin rufi. Ko kuma ka yi mata rufi mai gangare ɗaya, amma fa dole gangarensa ya yi ƙasa da na babban. In ka ba su digiri ɗaya sun zama layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, har abada ba za su gamu ba.

Af, kuma ku riƙa duba ma'aunin da fayil ɗin ya zo da shi. Mutum ya rubuta 30 yana nufin digiri, alhali saitin yana kan kashi cikin ɗari, kashi 30 kuwa digiri 16.7 ne kawai. Masu ɗauko fayil ɗin Amurka su kuma sai su tarar da inci kaza cikin 12, to 6 cikin 12 digiri 26.6 ne, 12 cikin 12 shi ne 45. Amma naka digiri ne, na gani, bar wannan maganar.

Abin da ke ci mani rai shi ne masu yin dabara su ɓoye. Akwai wani mai zane da aka taɓa kawo mani aikinsa in duba, irin wannan matsalar ce sak. Da ta ƙi haɗuwa, bai tsaya ya tambayi dalili ba, kawai ya ƙera wani dunƙulen abu da hannu ya manna a wurin, ya yanke abin da ya leƙo ta baya, ya fitar da hoton 3D mai sheƙi har da gajimare. Mai gida ya gani ya yi murna ya sa hannu. Kafinta ya hau sama da rafta a kafaɗa, ya auna ya sake aunawa, abu ya ƙi. Ƙarshe shi ya yanke wa kansa hukunci, ya danne rufin domar ya kusa kwantawa, ruwa ya riƙa tsayawa a kwarin da rufin biyu suka haɗu, silin ya yi taswira. Wa aka zaga? Kafinta. Bawan Allahn da bai zana komai ba. Shi kuwa mai zanen da na nuna masa, cewa ya yi ai a kwamfuta ya fito daidai. Daidai ina? Takarda goma sha ya buga, babu sekshan, wato zanen da ke yanka gini ya nuna cikinsa, ko guda ɗaya da ya ratsa ta domar. Wannan abu har yau in na tuna...

To, mu dawo. In ka gyara lissafin, sai ka huda babban rufin... a'a tsaya, hudawa ita ce ta ƙarshe. Fara shiga zanen rufin domar ka duba ƙananan alwatikan nan da ke gefen layuka masu nuna gefen da ke da gangare, gefe biyu kaɗai za ka bar wa gangare, na gaba da na baya ka cire musu. In na bayan yana da gangare rufin ya rufe kansa, ba bakin da za a ja. Sannan ka danna maɓallin haɗa rufi, ka zaɓi bakin baya, ka zaɓi fuskar babban rufin. Ka liƙa kan bangwayen da rufin domar. Bayan nan ne za ka huda, kuma da abin huda doma za ka yi, wanda ke cikin jerin abubuwan huda, domin shi yana yankawa a tsaye da kuma a kwance. In ka yi da na tsaye zalla, ta ciki za ka ga yankan bai bi ƙarƙashin rufin domar ba.

Ka yanka sekshan ta tsakiyar tagar, ka sa awo daga daɓen bene zuwa doron domar da kuma zuwa babban doro, ka turo nan guruf in gani. Kar ka turo mani 3D.