Katin besbol mai ashar: zan iya sayar da shi ba a maka ni kotu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Bronx cikin birnin New York, ina tuƙin tasi, ina kuma ɗan taɓa saye da sayarwa a kasuwar intanet ta eBay. Na sayi kwalin tsoffin katunan 'yan wasan besbol a wajen gwanjon kayan gida, sai na tarar da katin Billy Ripken na kamfanin Fleer, wanda aka rubuta ashar a gindin sandar da yake riƙe da ita. Wani abokina ya ce in buga hoton a riguna da kofuna in sayar. Wani kuma ya ce ko katin kansa na sa a kasuwa, ɗan wasan zai iya kai ni ƙara kan ɓata suna. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka na biyu tsoro ne ya yi masa yawa. Na farkon ne zai jefa ka cikin rigima.

Katin da ke hannunka shi ne mai lamba 616 a jerin da Fleer ya fitar a 1989. Ripken na sanye da rigar ƙungiyarsa, Baltimore Orioles, sanda a kafaɗa, kalmomi biyu na batsa da baƙin alƙalami a gindinta. Da aka farga, kamfanin ya yi ta sake bugu yana rufe wurin, wani da baƙin akwati, wani da zane-zane, wani da farin fenti. A 2008 Ripken ya shaida wa tashar CNBC cewa shi ya yi rubutun da hannunsa, don ya riƙa gane sandar atisayensa cikin sauran.

Sayar da ainihin katin halal ne a doka. Ƙa'idar ita ce, in mai haƙƙi ya sayar da kaya sau ɗaya, ikonsa a kan wannan kwafin ya ƙare. Sashe na 109 na dokar haƙƙin mallaka ta tarayya ya tanadi haka a kan hoton. Game da suna da fuskar ɗan wasa kuwa, an gwada maganar a shari'ar da aka yanke a 1998, bayan da Orel Hershiser, shi ma ɗan besbol, da matar marigayi direban tsere Clifford Allison suka yi ƙarar kamfanin Vintage Sports Plaques. Kamfanin na sayen katuna na gaske, ya manna su a allon ado ya sayar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 11 ta ce 'yan wasan sun riga sun karɓi haƙƙinsu tun a cinikin farko. Hukuncin bai ɗaure alƙalan New York ba, tunda wata shiyya ce, amma hujja ce mai nauyi, kuma kasuwar katuna gaba ɗaya a kan wannan fahimta take tafiya. Kamar atamfa ne: turmin da ka saya naka ne, ka sayar ko ka kyautar, amma bai ba ka ikon kafa injin buga zanen ba.

To, riguna da kofuna injin buga zanen ne. A nan mutum uku za su iya taso maka. Shi Ripken yana raye, kuma sashe na 50 da na 51 na dokar 'yancin jama'a ta jihar New York sun hana amfani da suna ko hoton mai rai don kasuwanci sai da rubutaccen izininsa. Zai iya neman kotu ta dakatar da kai, ta sa ka biya diyya, har da ta horo in an tabbatar da saninka ka yi. Wannan haƙƙi ma a kan katunan besbol aka fara ba shi suna, a shari'ar kamfanonin Haelan da Topps ta 1953, inda alƙali Jerome Frank ya ce hoton ɗan wasa kadara ce da yake da ikon bayarwa ko hanawa. Sannan ga mai haƙƙin hoton, kuma sunan Fleer ya koma hannun kamfanin katuna na Upper Deck tun 2005. In an yi wa hoton rajista, diyyar da doka ta ƙayyade na kamawa daga dala 750 zuwa 30,000, tana iya kaiwa 150,000 in da gangan ne. Ga kuma tambarin Orioles a jikin rigar. Ribar riguna ba za ta biya kuɗin lauyan da zai amsa wasiƙar farko ba.

Wani zai ce ai kotu ta kare katunan barkwanci a shari'ar kamfanin Cardtoons ta 1996. Gaskiya ne, amma waɗancan zane ne sabo da aka ƙirƙira don sukar 'yan wasa. Kwafar hoton wani yadda yake bai shiga ciki ba.

Maganar ɓata suna kuwa, sai ka faɗi ƙarya a kan mutum ake kama ka da ita. Ka rubuta cewa katin na ɗauke da kalmar batsa, kuma ɗan wasan ya amsa shi ya rubuta, duk gaskiya ce, gaskiya kuma kariya ce cikakkiya. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Sullivan na 1964, da na Butts na 1967 da ya faɗaɗa shi zuwa ga fitattun mutane, sanannen mutum ba ya cin irin wannan shari'a sai ya nuna ka san ƙarya ce ko ka yi ko-in-kula da gaskiya. Duk da haka kada ka ƙara gishiri don jan masu saye, kamar ka ce ya yi ne don zagin 'yan kallo ko ya haɗa baki da kamfanin. Ba ka da hujjar haka. Kuma abin yana damuna: mutumin nan ya buga babbar gasar besbol ta Amurka daga 1987 zuwa 1998, ya yi wasa gefe da gefe da yayansa Cal, mahaifinsu na horar da ƙungiyar, amma da yawa ba su san shi da komai ba sai wannan kati. Bai kamata a ƙara masa wani kaya a kai ba.

Inda na fi jin maka tsoro shi ne tsakaninka da mai saye. Bayanin da ka rubuta kan yanayin katin a talla, doka na ɗaukarsa alkawari. In ka ce na asali ne ya fito jabu, ko ka ce bai da tabo alhali kusurwarsa ta lanƙwashe, za ka mayar da kuɗi, eBay ma na iya rufe asusunka. Kada ka goge, kada ka datse gefe, kada ka shafa komai. Katin mai farin fenti ya fi wuyar samu, shi ya sa ake yawan ƙirƙirarsa a gida, kuma wannan zamba ce. Bill Mastro, babban dillali, ya amsa laifin zamba a 2013, ya kuma yarda ya datse gefen katin tsohon ɗan besbol Honus Wagner, aka yanke masa wata 20 a kurkuku.

Kada ka sa rai da dukiya, domin a wancan zamanin an buga katuna birjik, kuma lafiyar kati ce ke yanke farashinsa. Sa shi a leda mai tauri, ka duba nawa aka sayar da irinsa a eBay, wato cinikin da aka kammala. In kuɗin ya kai, aika shi kamfanin tantance katuna, PSA ko SGC, su tantance su ba shi maki. Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka rufe kalmar a hoton farko, ka ajiye rasitin gwanjon saboda ribar na shiga lissafin harajinka. In kuma wata wasiƙa ta zo daga lauyan wani, kada ka amsa da kanka, ka kai ta wurin lauya mai lasisin New York kafin wa'adin da ke ciki ya cika.