Filin Lafiya: Kumatuna Suna Zafi, Ƙuraje Suna Fesowa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 36, ina zaune a Gwale. Kusan shekara biyu ke nan kumatuna da hancina suna raɗaɗi kamar an shafa musu barkono, ƙananan ƙuraje kuma suna fesowa, musamman idan na tashi daga gaban murhu. Wata ƙawata ta ba ni man haɗi, abin ya lafa na mako biyu, sai ya dawo fiye da da. Mene ne wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya. Bayaninki ya yi kama da larurar da likitoci ke kira rozeshiya, wadda takan zauna a tsakiyar fuska, wato kumatu da hanci da goshi da haɓa, kuma galibi takan bayyana bayan shekara 30. A farar fata ja take nunawa, amma a tamu jan kan ɓuya, sai wurin ya yi duhu da ɗumi, shi ya sa ake yawan ɗaukarta a matsayin ƙurajen balaga. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba ƙazanta ke kawo ta ba.

Man haɗin nan shi ya fi damuna. Da yawa daga cikin mayukan bilicin da ake haɗawa a kasuwa suna ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda kan kwantar da kumburi na ɗan lokaci, sannan ya sirantar da fata, cutar ta taso da ƙarfi. Ki kai man ga likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin wanda ya daɗe yana shafawa yakan buƙaci a janye masa shi a hankali. A can ne kuma za a tabbatar ba wata cutar ba ce mai kama da ita.

Rozeshiya ba ta warkewa gaba ɗaya, amma tana lafawa sosai da man metronidazol ko ƙwayar doksisaikilin, wadda ba a ba mai ciki. Sai an yi haƙuri, domin maganin kan ɗauki makonni kafin a ga canji.

Ki lura da abin da ke tayar miki da ita: ranar bazara, tururin girki, yaji, shayi mai zafi, iskar hunturu, ko ɓacin rai. Ki bar dirje fuska da soso ko dilka, ki riƙa wankewa da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ki shafa man kariya daga rana mai lamba 30 kafin fita. Idan idanunki suna ja ko kina jin kamar yashi a cikinsu, ki gaya wa likita a ranar, domin larurar tana taɓa ido.