Ɗumama ba ya gyara shinkafar da ta kwana a waje

'Yar'uwa, sannu da jinyar yara. Kin tambaya me ya sa shinkafar da ta kwana a tukunya ta ɓata musu ciki duk da kin ɗumama ta, alhali kilishi yakan daɗe bai lalace ba.

Kilishi an busar da shi, ga gishiri yana zuƙe sauran damshin, ƙwayoyin cuta kuwa ba sa hayayyafa sai da ruwa. Nono ma tsaminsa ke rage musu ƙarfi. Dafaffiyar shinkafa ba ta da wannan kariya ko kaɗan. Akwai wata ƙwaya, Bacillus cereus, da ke ƙunshe kanta ta tsallake tafasa. Da zarar shinkafa ta huce ta zauna tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyos, sai ƙwayar ta farfaɗo ta yi ta ninkuwa, tana zuba dafi. Dafin nan kuwa wuta ba ta kashe shi, kuma nan ne da yawanmu ke ruɗuwa, don warin tsami ma ba lallai ki ji ba.

Don Allah kada dafaffiyar shinkafa ta wuce awa 2 a waje. Ki baza ta a faranti ta huce da wuri, sai firji. In babu wutar lantarki, ki dafa daidai cikinku. In aman yaran ya ƙi tsayawa, ku hanzarta asibiti.