Amsa: Eko ya nuna zuciyar Hajiya ta yi tauri

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Kin ce an yi mata eko, wato hoton zuciya, a Garwa, takarda ta nuna ƙarfin tura jini kashi 60, amma likita ya ce zuciyar ta yi tauri, ga yawan haki. Maganganun biyu duk gaskiya ne.

Zuciya aiki biyu take yi: ta matse ta tura jini, sannan ta saki ta cika. Kashi 60 ɗin na matsewar ne, kuma lafiya lau yake. Sakin ne ya yi rauni. Teɓa, hawan jini da ciwon suga kan ƙara wa bangon zuciya kauri da tauri sannu a hankali, sai jini ya riƙa taruwa ta wajen huhu, daga nan hakin yake. Ki duba inda aka rubuta E/e' a takardar, wato ma'aunin da ke nuna matsin jini yayin da zuciya take cika. In ya haura 14, alama ce matsi ya yi yawa a cikin zuciyar, kodayake likita sai ya haɗa da girman ɗakin zuciya na sama ta hagu.

Don Allah kada ta ajiye maganin hawan jini don ta ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙule a miya, ta riƙa tattaki da sassafe kafin ranar Garwa ta yi zafi. In ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya hana ta kwanciya, ku koma asibiti ran nan.