Tambaya da Amsa: Ɗaukar Muryar Sharhi a Gida da Kuɗi Kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karanta talla da sharhin bidiyo da Hausa, nakan tura wa masu aikin ta intanet. Da waya nake ɗauka, kullum sai su ce akwai amsa-kuwwa da ƙugi a ciki. Wane makirufo zan saya da ɗan abin da ke hannuna?
— Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka shiga kasuwa, fara duba ɗakin da kake ɗauka. Amsa-kuwwa daga bango take fitowa: murya ta daki siminti ko tayil, ta dawo cikin makirufo. Ko na miliyan ka saya, ita zai fara kwasowa. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗaki. In ka ji ƙara ta biyo baya, akwai gyara.

Nemi ƙaramin ɗaki mai kaya da yawa. Shimfiɗa darduma mai kauri, ka jingina katifa a bangon da ke bayanka, domin nan makirufo yake fuskanta, sannan ka rataya bargo hagu da dama, da ɗan tazara tsakaninsa da bango. Masu kabad cike da tufafi sun huta: buɗe shi, ka yi magana kana fuskantar kayan. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ɓata lokaci ne, bai da kaurin da zai shanye sauti. Bargo kuma amsa-kuwwa kawai yake ragewa, ba ya tare ƙarar janaretan maƙwabci ko ta babur. Wannan sai dai a zaɓi lokaci: tsakar dare ko bayan asuba, fanka a kashe.

Makirufon da aka fi amfani da shi iri biyu ne. Kondensa yana da kaifin ji, har kukan akuyar layi na gaba yana ɗauka. Dainamik abin da ke kusa da baki ya fi ji, shi ya dace da gidajenmu. Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x duk dainamik ne, suna shiga kwamfuta kai-tsaye ta USB, kuma suna da ramin XLR (mahaɗin makirufo irin na situdiyo) in daga baya ka sayi na'urar haɗa makirufo da kwamfuta irin Focusrite Scarlett Solo. Ka haɗa da hedfon mai rufe kunne da abin tare iskar baki; safar mata da aka ɗaura a zagayayyar wayar ƙarfe ma tana yi.

Bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗan karkatar da shi gefe, don iskar "b" da "f" kada ta buge shi.

Shi kuwa ƙugi, galibi daga wuta yake. Lantarkinmu yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja mara kyau takan shigo da wannan ƙugin cikin sauti. Cire caja, ka ɗauka da batir. In da kwamfuta kake ɗauka, wayarka ma ka nisanta ta.

Tambaya: Wace manhaja zan yi amfani da ita, kuma ta yaya zan tura aiki?
— Wata mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Malama, Audacity kyauta ce kuma ta wadatar. Ɗauki aikin bidiyo a 48 kHz (saitin da manhajar ke kira "sample rate"), ki ajiye a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Saita ƙarfin shiga yadda inda kika fi ɗaga murya zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar. In ya taɓa 0, sautin ya fashe, ba ya gyaruwa. Fara da daƙiƙa 10 na shiru, manhajar da shi take gane hayaniyar ɗaki ta rage ta. Amma ki sassauta hannu, in ragewar ta yi yawa murya takan koma kamar daga cikin rijiya. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato ƙugin da ya fi muryarki kauri.

Tambayi mai aiki ƙa'idarsa tun farko. ACX, mai karɓar littattafan sauraro na Audible, yana son matsakaicin ƙarfi tsakanin -23 da -18 dB, ƙololuwa kada ta haura -3, hayaniyar ɗaki ƙasa da -60.

Kada ki tura ta saƙon murya na WhatsApp, matse sauti yake yi. Ɗora a Google Drive ki ba da mahaɗa. In suna son sauraro lokacin ɗauka, ku haɗu a Zoom, amma fayil ɗin da ke kwamfutarki shi za ki tura.