Salwa da kaji ba sa zama akurki ɗaya

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya sa wa kazar Hausarka ƙwan salwa ta kwanta a kai, 'ya'yan su tashi tare da 'yan tsakinta, ka kuma ce kana fargabar hayaniya tunda katangarku ɗaya da maƙwabta.

Kada ka haɗa su. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, na salwa kuwa kwana 17 zuwa 18 ne, saboda haka idan ka cuɗa su a kwanci ɗaya na salwa za su riga fitowa, uwar ta rasa wanda za ta bi, ko ta tashi ta bar nata ƙwan ya huce, ko ta tattake waɗanda suka fito. Ɗan salwa ranar da ya fito bai wuce babban yatsanka ba. Ita kanta salwar keji da wuya ta yi kwanci, shi ya sa muke kai ƙwanta injin ƙyanƙyasa.

Sati biyu na farko su ne masu wuya. Ka ba 'ya'yan salwar ɗumi sosai, musamman da hunturu, ko da tukunyar garwashi ce, muddin ka bar wa hayaƙi mafita. Idan ka ga sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji. Ka zuba tsakuwa a kaskon ruwansu don kada su nutse. Ni kaina na farkon da na sayo a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba na tsince su a mace da safe, kuma laifina ne. Gero da dusa kaɗai ba sa riƙe su, sai abincin 'yan tsaki mai waken suya da ka niƙa ya yi laushi. Idan ka kula, daga sati 6 zuwa 8 za ka fara ɗiban ƙwai, alhali budurwar kazar Hausa sai ta kai wata shida ko fiye.

Hali kuwa kowacce da nata. Kazar Hausa mai zafin kai ce, tana tsallake katanga, tana tarar shirwa a kan 'ya'yanta, kuma wannan faɗan nata shi ne amfaninta a ƙauye. Kazar ShikaBrown, wadda aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, ta fi natsuwa da yawan ƙwai, amma kada ka dogara da ita wajen kwanci. Salwa matsoraciya ce, da ta firgita sai ta zabura sama ta fasa kai, don haka ka yi kejinta gajere, nesa da inda yara suke wasa.

Batun maƙwabta, zakara ne abin dubawa, domin tun kafin assalatu yake fara cara. Kaza tana yin ƙwan ci ba tare da shi ba, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba, kuma kyarkyararta bayan ta saka ƙwai ba ta daɗewa. Kukan namijin salwa bai kai cara ba, amma idan maza suka yi yawa za su kwana suna amsa wa juna, su kuma tsattsage kan matan. Ka bar namiji ɗaya ga mata huɗu, sauran ka kai su kasuwar Dambatta.